Ɗakin Hajjo da Buhunan Wake

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya na dawo Birnin Kudu. Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar kakata Hajjo. Zan riƙa rubutu a bayan littafin nan, domin Munzali, abokin ɗakina, ya ce ya gaji da jin tsakina, in nemi wanda zan riƙa yi wa.

Da safe na je ofishin Malama Zulaiha, wadda aka ɗora wa duba aikin bincikenmu na kammala karatu. Mu tara ne a hannunta. Takwas sun ba da maudu'insu tun ina gida zaman makoki. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta zaro fom mai layi uku ta miƙo mini. In rubuta maudu'i uku, ita ta zaɓi ɗaya.

Ta ce, "Yahuza, Alhamis sha biyu ga Disamba, ƙarfe sha biyun rana, zan miƙa sunaye. Duk wanda ba tofik ɗinsa a ciki, sai baɗi tare da 'yan bayanku. Ba ni na kafa dokar ba, kuma ba zan iya karya ta ba."

Na ce to, Malama. Shekara uku ina karatun lafiyar muhalli, layi uku ne za su gagare ni? Haka na faɗa a raina a bakin ƙofa. Yanzu ga fom ɗin nan a kan katifa, babu ko ɗigo.

Talata, 26 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na jera su a wata takarda daban, don kada in ɓata fom.

Zubar da shara a tashar mota. Tazarar rijiya da masai a gidajen Unguwar Ya. Tsaftar mahauta. Ruwan leda. Sauro a kwatamin bayan makaranta.

Kowanne na kalla sai in ga ya yi. In na ɗauki biro sai in ga bai yi ba. Shara mutum uku sun riga sun ɗauka. Mahauta ba na son tashin asuba. Rijiya tana buƙatar gwajin ruwa, injin gwajin kuwa tun muna aji ɗaya ake cewa za a gyara.

Akwai na shida. Ban rubuta shi ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Ban rubuta komai ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan La'asar

Sati biyu cif da rasuwar Hajjo.

Munzali ya sayo mana shinkafa da wake da mai da yaji. Na ce na ƙoshi. Ya ce tun da na dawo ban taɓa wake ba, ni da nake side kwano. Na ce cikina ne. Ya cinye duka yana mita.

Shi ajiye bayanan asibiti yake karanta, ya gama da nasa maudu'in tun watan jiya, shi ya sa bakinsa ya buɗe. Ya ce, "Kai dai kana son wahala. Je shagon kwamfuta na bakin ƙofa, tsofaffin furojek ɗin da ɗaliban baya suka rubuta jibge. A cire sunan wani gari a sa Gwaram ɗinku, shi ke nan. Wa zai karanta?"

Na ce zan duba. Har na je na tsaya a ƙofar shagon. Na dawo.

Hajjo da tana nan da ta yi mini dariya. Duk sanda na je hutu sai ta ce, "Ga duba-gari ya zo, ku ɓoye tukwane." Ta ce maigidanta ya tafi birni koyon leƙa masai. Ni nake ce mata amarya, ita ta ce mini maigida, tun ina rarrafe. Ran da na dawo da farar rigar makaranta sai da ta sa na zagaya tsakar gida sau biyu don ta gani da kyau.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, bayan saukowa daga masallaci

Na kira Inna. Ta ce kowa lafiya. Na tambayi Baba, ta ce yana nan, bai cika magana ba. Ya fitar da buhunan waken nan bakwai daga ɗakin Hajjo ya jera su a rumfar bayan gida, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Masu saye sun zo har sau biyu, ya ce ba na sayarwa ba ne. A gida ma ya hana a ɗiba.

Na ce ta ba shi wayar. Ta ce ya fita. Ina jin tarinsa a kusa da ita.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Na yanke shawara: rijiya da masai. Na rubuta da fensir.

Asabar ɗin dai, ƙarfe biyar

Na goge.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Na cike layi ukun don in huta. Rijiya, mahauta, ruwan leda. Na kai wa Malama Zulaiha. Ta karanta, ta ɗora biro a kan na farko ta ce wannan ya yi, amma in gaya mata a jumla ɗaya me ya sa nake son sa.

Na buɗe baki na ce saboda muhimmancinsa ga al'umma.

Ta ce, "Wannan kowa ya haddace shi. Kai nake tambaya. Wata shida za ka yi da abin nan, ka kwana da shi ka tashi da shi. Me ya haɗa ka da rijiya?"

Ta ce in ina so ta sa hannu yanzu za ta sa, ba abin da zai dame ta. Hannu kawai ya rage ta sa, na gama, na tsira. Sai na ji bakina yana cewa, "Malama, a ba ni in sake dubawa."

Ta miƙo mini sabon fom. Ta ce fom ɗin ba ya ƙarewa, kwanakin ne ke ƙarewa.

Na gaji. Wallahi na gaji da kaina.

Talata, 3 ga Disamba, da safe

Saura kwana tara. Ban rubuta komai ba.

Laraba, 4 ga Disamba, bayan La'asar

Na ce bari in duba littattafan aji biyu ko zan tsinci wani abu. Na bi darasin ruwa, na bi na shara. Da na zo darasin ajiyar abinci na tsallake shafi huɗu. Na san abin da ke shafi na uku. Da jan biro na ja masa layi, da hannuna, kuma ya fito a jarrabawa, kuma na ci. Ni na fi kowa maki a ajin a wannan darasi.

A gidanmu, kuma a yawancin gidajen garinmu Basirka, wake a ɗakin tsohuwa ake ajiye shi. Gero da dawa suna rumbu, wake kuwa sai inda ido yake. Ɗakin Hajjo shi ne mai siminti da ƙofar ƙarfe, kuma ba yaron da ya isa ya ɗebi ko tafi ɗaya a gabanta. Ita da kanta take cewa a kawo. Tana alfahari da wannan gadin.

Da can toka take zuba masa da barkono. Bana waken ya yi yawa, Baba ya ce toka ba za ta riƙe buhu bakwai ba.

Da sanyi ya fara takan toshe tagarta da tsumma. Kowace shekara haka take yi.

Zan tsaya nan.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Sati uku. Na yi mata addu'a bayan Asuba.

Mutane sun ce tsufa ne. Sun ce lokaci ne ya yi, kuma lokaci ne, ban musa ba. Da muka shiga ɗakin ran da na isa, ni na durƙusa na jawo kwandon da ke ƙarƙashin gado. Kazarta ce a ciki, wadda take kwanci a kan ƙwai tara. Ta sandare. Baba yana tsaye a bayana. Ya ga kazar, ya ga na gani. Ya karɓi kwandon ya fita da shi.

Kaza ba ta tsufa ba.

Juma'a, 6 ga Disamba, da yamma

Na sake tsayawa a ƙofar shagon kwamfuta. Mai shagon har ya gane ni, ya ce, "Malam, shigo mana, ba ma cizo." Na shiga. Ya nuna mini guda goma sha. Na zaɓi ɗaya a kan sauro, na ce gobe zan dawo.

Wataƙila hakan ya fi. In gama in karɓi takardata, in sa farar riga, in riƙa kama masu sayar da awara da ba su rufe faranti ba.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Munzali ya shigo daga kasuwa da baƙar leda ya ajiye a kan taga. Kafin ya ce komai na ji warin. Kamar tafarnuwa da ta ruɓe.

Na ce mene ne. Ya ce, "Bom ne, ƙwayar nan da ake sa wa wake don ƙwari. Innarmu ta ce in kawo mata, yau za su ɗinke buhuna."

Ya yi wanka, ya shafa mai, ya ɗauki ledar, ya hau babur ɗin wani abokinsa ya nufi gidansu a Unguwar Ya. Ina zaune a kan katifa da fom a hannu. Na ce masa a gaida gida.

A gaida gida. Abin da na ce ke nan.

Asabar, ƙarfe ɗaya

Na ɗauki waya na ajiye sau huɗu.

Asabar, bayan La'asar

Na kira shi. Bai ɗauka ba. Na sake kira, na sake. A na biyar ya ɗauka, ana ta hayaniya a bayansa.

Na ce, "Munzali, a ina za a ajiye buhunan?"

Ya ce, "Ɗakin Innarmu mana, ina kake so a kai?"

"Wa ke kwana a ciki?"

"Ita da 'ya'yan yayata biyu. Lafiya?"

Na ce kada su sa. In sun sa, su fitar da buhunan yanzu, kafin Magariba, su kai inda ba mutum ba dabba, su buɗe ƙofa da taga. Na ce ƙwayar nan iska take saki, iskar ba ta tsayawa a cikin buhu. Ya yi dariya, ya ce duba-gari ya motsa, ai kowa haka yake yi shekara da shekaru.

Sai na faɗa masa. Na ce ni na sayi irinta a kasuwar nan ranar goma sha ɗaya ga Nuwamba, Baba ya aiko in sayo. Na ba direban motar Gwaram ya kai. Na kira Baba na ce saƙo yana hanya. Mun yi magana a kan farashin taki, mun yi a kan ƙafar Inna da ke ciwo. Minti shida muka yi a waya. Abin da na ja wa layi da jan biro bai fito daga bakina ba. Ban manta da shi ba, ban dai kawo shi kusa da gidanmu ba, na bar shi a littafi tare da jarrabawa. Bayan kwana uku aka kira ni.

Munzali ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Hajjo?"

Na ce eh.

Ya ce, "Innalillahi." Na ji ya ɗaga murya yana cewa a dakata da ɗinkin nan. Wayar ta katse.

Ban taɓa faɗar sa da baki ba sai yau. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafi ba.

Lahadi, 8 ga Disamba, da rana

Munzali ya dawo. Ya ce an kai buhunan tsohon shagon kawunsa da ba kowa. Innarsu ta yi faɗa, ta ce ɓeraye za su yi biki, amma an kai. Ya ce gidan maƙwabcinsu Maikano ma a ɗakin kwana suke sawa, da gidan da ke bayansu, da kusan duk layin.

Ya zauna ya kalli fom ɗin da ke kan katifa, ya kalle ni. Ya ce, "Kai da kake da tofik tun ran da ka dawo, kake ta wahalar da mu da rijiya."

Na ce ba zan iya ba. In na rubuta shi, duk Basirka za su san abin da ya faru a ɗakin nan. Za a ce Malam Barau da ɗansa, wato Baba da ni. Baba ne ya sa ƙwayar da hannunsa, kuma mahaifiyarsa ce.

Ya ce, "To shi za ka tambaya, ba ni ba."

Litinin, 9 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na tambayi Malama Zulaiha ko ana barin mutum ya yi bincike a garinsu. Ta ce ana bari, in dai masu gida sun yarda da bakinsu. Ta ce saura kwana uku, ina sane? Na ce ina sane.

Ban koma shagon kwamfuta ba. Na zauna na tsara tambayoyi goma sha biyu a takarda. Me kuke sa wa wake? Guda nawa a buhu? Wa ya gaya muku yadda ake sawa? A wane ɗaki? Wa ke kwana a ciki? Cikin awa ɗaya na gama, ni da na yi sati biyu ban iya layi ɗaya ba.

Talata, 10 ga Disamba, bayan Magariba, Basirka

Motar Gwaram ta ɓata lokaci a tasha, daga can na hau babur. Inna ta tsorata da ganina, ta ce ko an kore ni. Baba ya amsa gaisuwa yana kallon tabarma. Ya rame. Buhunan suna rumfa an lulluɓe su da buhun taki. Kwaɗon yana nan a ƙofar Hajjo, takalmanta na roba suna nan a bakin ƙofa ba wanda ya kawar.

Na kasa. Gobe.

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Bayan Baba ya dawo daga gona na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na ce, "Baba, wata magana ce ta karatu." Na gaya masa batun fom da ranar rufewa, da cewa in gobe ta wuce sai baɗi. Na yi ta zagaye. Na kawo rijiya, na kawo mahauta.

Ya ce, "Yahuza, ba don rijiya ka biyo mota ba."

Na ce a kan maganin wake nake son yi. Na ce in bai yarda ba na bar shi, in ɗauki wani. Sannan na ce, "Baba, na san ba a sawa a ɗakin kwana. An koya mana. Ban gaya maka ba."

Ya ajiye igiyar. Ya ce shi ma mai shagon da ya saba sayen kayan gona a wurinsa a Gwaram ya taɓa ce masa a nisanta maganin da yara, shekarun baya. Ya ɗauka kada yara su ci ake nufi. Ya ce da asubar ranar ta ce masa ƙirjinta ya riƙe, tana amai, ya ce sanyi ne, ya ƙara rufe mata ƙofa ya tafi nemo mota. Ya ce kwana ashirin da bakwai ke nan yana jin ƙarar ƙofar nan.

Wani ya yi sallama a waje, ba wanda ya amsa a cikinmu.

Can ya ce, "Ina takardar?"

Na ciro ta daga aljihu. Ya ce in karanta masa. Na karanta, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a kan gwiwata. Biyu-biyu ya sa a kowane buhu. Ba wanda ya nuna masa, gani ya yi ana yi. Da na zo ta biyar na tsaya, shi ya ƙarasa mini.

Ya ce, "Wa ke kwana a ciki, ko? Rubuta mutum ɗaya. Rubuta sunanta."

Na ce, "Baba, ba a sa suna a irin wannan takarda."

Ya ce, "Sa."

Na rubuta a gefe.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana, Birnin Kudu

Motar farko na biyo. Sha ɗaya da kwata na shiga ofis, ƙafata duk jar ƙasa. Malama Zulaiha ta riga ta haɗa takardun mutum takwas da ƙusa.

Layi ɗaya na cike: yadda ake amfani da ƙwayar maganin wake a ɗakunan kwana a Basirka, da abin da masu gida suka sani game da haɗarinta. Ta ce ina sauran biyun? Na ce babu, Malama. Ba ta tambaye ni me ya sa ba, ta juya ta ga takardar tambayoyin da na manna a baya, wadda muka cike da Baba. Ta bi ta da ido har ta biyar. Ta zare murfin jan bironta.

"Na sha gaya muku ba a sa sunan mutum. Wace ce Hajjo?"

Na ce, "Kakata ce. Babana ne ya ce a rubuta."

Ta kalle ni, ta sake kallon takardar. Ta mayar da murfin. Ta ɗauki baƙin biro ta sa hannu a fom, ta cire ƙusar ta haɗa tawa da sauran.

Ban ji daɗi ba, ban kuma ji sauƙin da nake zato ba. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya sauke kaya ya san akwai wani a gaba. Gida sittin Malama ta ce in bi, kuma in fara kafin kowa ya gama ɗinke buhunan bana.

Alhamis, bayan La'asar

Baba ya kira. Shi da kansa, ba ta wayar Inna ba. Na gaya masa an karɓa. Ya tambayi yaushe zan fara, na ce Asabar. Na ce abin da nake tunani shi ne magidanta ba za su yarda yaro kamata ya tsaya yana tambayar abin da ke ɗakin iyayensu ba.

Ya ce, "Kai dai ka zo da takardunka. Ni zan riƙa yin sallamar."